Babin Ƙarshe na Alƙali Jaji

Kaura Namoda, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Nafi'u ɗan Muhtari,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya irin lafiyar tsofaffi: gwiwa ta ƙi, idon hagu ya bi sahunta. Ina gidan ɗiyata Hadiza tun da hanyar garinmu Birnin Tsaba ta zama sai da addu'a. Ita da yaranta suna lafiya. An yanke layin waya a jihar nan, don haka ga takarda ta hannun Jafaru direba. Ni yankewar ba ta rage ni da komai ba, dama ba kiran kowa nake jira ba.

Shekarar da na dawo daga jami'a da digirin falsafa, ubanka ya tsaya a zauren gidanmu, gaban dattawa, ya ce, "Tambari ya tafi da alwala, ya dawo da tambaya." Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Daga ranar ba a ƙara tura ni gaba a sallah ba, ko ta mutum uku ce. Na tafi Shinkafi na yi ta koya wa 'yan sakandare Turanci har na yi ritaya, ban taɓa tsayawa gaban aji da abin da na karanta ba. Allah ya jiƙan Muhtari. Ni dai ban manta ba.

Sai ga ɗansa, kai, ka zo hutu kana tambayata mene ne mantiƙi, ilimin auna hujja. Na ce Allah ya saka mini. Na tsaya maka gaban dangi lokacin da ka zaɓi falsafa. Fiye da haka, na buɗe maka littafin da Alƙali Jaji, kakana kuma kakan ubanka, ya rubuta da hannunsa a kan mantiƙi, Larabci a tsakiya, ajami a gefe. Ka san dokar gidanmu a kansa: ba a fita da shi, ba a kwafe shi, ba ya zama na mutum sai ya durƙusa ya karanta shi daga bismilla har ƙarshe a gaban wanda ke riƙe da shi. Haka na karɓa daga ubana. Kai ka karanta duka, saura babin ƙarshe. Ka ce a kansa za ka yi digirin dakta, duniya ta san an yi tunani a ƙasar Zurmi kafin Bature ya kawo allo da alli.

Shekaranjiya mijin Hadiza ya dawo daga kasuwa yana cewa, "Baba, ashe ɗanka ya waye. Ya ajiye aikin jami'a, ya shiga harkar waya a Abuja." Yana faɗa yana kallona, irin kallon da ake yi wa wanda akuyarsa ta ɓata ranar kasuwa.

Na ce masa ƙarya ne. Rubuto ka gaya mini ko na yi wa surukina ƙarya.

Baffanka,
Tambari

Abuja, 10 ga Oktoba, 2021

Baffa,

Barka da war haka. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ga man shafawa nan na ba Jafaru, a riƙa sawa safe da yamma. A gaishe da Yaya Hadiza.

Gaskiya ne, na bar jami'a. Na so in zo in faɗa maka da bakina, hanya ce ta hana. Baffa, shekara shida ina koyar da yaran da aka jefo falsafa don sun rasa gurbin karatun lauya. Ina magana, suna latsa waya a ƙarƙashin benci. Na rubuta maƙala uku, ban san mutum biyar da suka karanta ba, kuma kai ne ɗaya daga ciki. Rannan na tsaya ina bayanin ƙiyasi, sai na ji muryata kamar ta mai tallar da ba a saye.

Ba sayar da waya nake yi ba. Mu uku ne, ni da abokaina biyu masu rubuta manhaja, a ɗaki ɗaya da janareta mai tari. Abin da muke ginawa shi ne: idan aka turo wa mutum labari a waya, irin na "an ce an ce" da ke tayar da gari, sai ya tura wa manhajarmu, ta nuna masa inda maganar ta karye, inda aka ɗora hukunci a kan abin da ba a tabbatar ba. Mantiƙi ne, Baffa, amma a aljihun ɗan kabu-kabu da mai sayar da tumatir. Su abokaina sun iya na'ura, ni na iya gane gurguwar hujja. Wannan kai ka koya mini.

Kuma ga albishir: sunan manhajar Jaji. Ni na zaɓa. Sunan da ke kulle a akwati zai shiga bakin dubban mutane.

Game da littafin, ban yar da shi ba. Akwai na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ba tare da ta ɓata ta ba. Da yadda ƙauyuka ke ƙonewa yanzu, bai kamata ya kasance kwafi ɗaya tak ba, a gidan da Baba Abbati ne kaɗai ya rage yana gadi. Ka ba ni izini a ɗauka, a adana. Babin ƙarshe kuwa zan karanta shi a nan, in na makale in tambaye ka.

Ɗanka,
Nafi'u

Kaura Namoda, 7 ga Nuwamba, 2021

Nafi'u,

Lafiya lau. Man shafawarka na ba mai gadin layinmu, shi ma yana da gwiwa.

Na karanta albishir ɗinka. Mutumin da sarakuna ke cire takalmi kafin su shiga zaurensa, ka ɗauki sunansa ka manna wa haja, kamar sabulu. Wa ka tambaya? Ko a Kasuwar Daji, dillali ba ya rantsuwa da sunan uban wani sai da izini.

Ka ce mutum biyar ne suka karanta ka. Alƙali ya rubuta littafinsa don mutum ɗaya a kowane zamani, bai yi kuka ba. Kai shekara shida ka yi ka gaji. Ni na yi fiye da talatin ina gyara wa yara "is" da "was", ban gudu ba. Na daɗe ina cewa ka fi ubanka. Na janye. Shi ya ƙi abin da bai sani ba, kai ka sayar da abin da ka sani.

Hoto kuwa, a'a. Za ka ɗauki hoton tawada, amma wa zai gaya maka cewa inda Alƙali ya ja layi biyu yana nufin "wannan ra'ayin malamina ne, ni ban yarda ba"? Wa zai gaya maka kalmomin da ya gutsure don takarda ta yi masa tsada? Ni kaɗai na rage a duniya da na san hannunsa. Ba na ba da wannan ta hannun direba.

Ga abin da ya rage tsakaninmu. Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, ana fito da littafin daga gafakarsa, jakar fatar nan, a shimfiɗa ganyayensa a inuwa su sha iska, a kakkaɓe, a sake sabon ganyen dogon-yaro saboda ƙwari. Ka sha riƙe mini gefen tabarma ana yi. Bazara mai zuwa ka zo mu tafi tare. Ka durƙusa ka karanta babin ƙarshe. Bai fi aikin 'yan kwanaki ba. Ka gama, littafin ya zama naka, in ka ga dama ka naɗe ƙosai da shi.

Tambari

Abuja, 20 ga Maris, 2022

Baffa,

Ina gaisuwa, ina neman afuwar jinkiri. Takardarka ta daɗe a tasha kafin ta iso ni, ni kuma na daɗe kafin in iya amsa ta ba da fushi ba. Ban tabbata na iya ba.

Ba zan samu zuwa bana ba. Masu zuba jari sun ba mu zuwa bayan Sallah mu nuna musu yawan masu amfani da manhajar, in ba haka ba su janye. In na ɗaga ƙafa mako ɗaya, abokaina za su ce na bar su da kaya a ka. Kuma ka fi ni sanin hanyar Zurmi.

Ka ce na sayar da abin da na sani. To Baffa, kai me ka yi da naka? Littafin nan yana hannunka tun kafin a haife ni. Shafi nawa ka rubuta a kansa? Babana ya faɗi magana ɗaya a zaure, ka ɗauke ta ka goya har ta yi furfura tare da kai. Ba wanda ya hana ka komawa jami'a. Zama ka yi kana jiran a zo a ba ka haƙuri, da ba a zo ba sai ka ce ni in je in rama maka. Ni ba sandarka ba ne.

Na aika wa Baba Abbati saƙo in ji halin da gidan ke ciki. Ya ce rufin ɗakin Alƙali ya fara yoyo. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, littafin nan ba zai dawwama a akwatin nan ba.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Nafi'u

Kaura Namoda, 15 ga Mayu, 2022

Nafi'u,

An yi Sallah lafiya. Na ji gargaɗinka. "Ko ka yarda ko ba ka yarda ba." Wato ka fara zagayawa ta bayana wurin Abbati, mutumin da za a saye da goro ƙwarya ɗaya. Sai wata rana in ji wani yaro mai jakar goyo ya sauka daga mota da na'ura, Abbati ya buɗe masa akwati.

Ka yi gaskiya, ba zai dawwama a akwatin ba. Na fitar da shi.

Na je Birnin Tsaba a bayan babur, da gwiwar nan. Na shanya shi ni kaɗai, ba mai riƙe gefen tabarma. Sannan na yi abin da kakanninmu ke yi in yaƙi ya taso: na mai da shi gafaka, na sa a tulu, na zuba toka da ganyen dogon-yaro, na liƙe bakin da laka, na haƙa rami na binne. Abbati ya tarar da ni ina daddaɓe ƙasa.

Ya ce, "Tambari, mi kake binnewa haka kamar cibiya?"

Na ce, "Abin da ba na sayarwa ba."

Ya ce, "Su da ke yin haka, in yaƙi ya lafa suna tonewa. Ƙasar gidan nan ba ta da amana, ko turmi muka bari sai mun ɗaga shi."

Na ce, "In mai shi ya zo, a tone."

Na sa ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai nuna wa kowa wurin ba, ba zai taɓa ba. Ka san Abbati, yana tsoron rantsuwa fiye da 'yan bindiga.

Yanzu ba wuta, ba ɓarawo, ba na'ura. Tulun nan ba zai ga rana ba sai ranar da gwiwarka ta taɓa tabarma. In ka zo gobe, gobe. In ba ka zo ba, ka san wanda ya hana shi iska.

Tambari

Abuja, 2 ga Yuni, 2022

Baffa,

Wallahi yoyon rufi nake nufi, ba sata ba. Ban taɓa tunanin turo kowa ta bayanka ba. Na yi maka magana mai zafi, ka yafe mini ita, amma kada ka hukunta takarda saboda ni. Damina ta kama. Don girman Allah ka sa a tone, a kai shi gidan Yaya Hadiza, ka kulle a ɗakinka, ka riƙe makulli. Na janye maganar hoto gaba ɗaya. Zan zo da zarar na samu sarari.

Nafi'u

Kaura Namoda, 30 ga Afrilu, 2023

Nafi'u,

Muna lafiya. Idon dama ma ya fara hazo, amma ya ishe ni ganin abin da zan ba ka labari.

Takardarka ta bara tana nan. Ban amsa ba don "da zarar na samu sarari" ba rana ba ce, ba wata ba ne. Na duba kalanda ban gan ta ba.

Ran Sallah jikata Rumaisa'u ta zo da wayar uwarta tana dariya. Ta ce, "Kaka, ga kakanku yana magana." Na karɓa na kai kusa da ido. An zana wani tsoho da rawani da ƙaton murmushi, kamar wanda aka ba kyautar doki. A ƙasa an rubuta: "Jaji ya ce: atamfar Sallah ta sauka, yi sauri kafin ta ƙare." Ta latsa, ya sake fitowa: "Jaji ya ce: ga maganin basir sahihi."

Na tambayi Hadiza ina mantiƙin da aka ce yana aljihun ɗan kabu-kabu. Ta ce ai wancan sashen an daɗe da cire shi, mutane ba sa so a gaya musu labarinsu ƙarya ne. Talla ce ke tafiya. Mijinta ya ce, "Baba, ai yanzu gidanku ya yi suna. Har a bayan keke na ga Alƙali." Ya ƙara shinkafa a faranti.

Ubanka ya sa zaure ɗaya ya yi mini dariya. Kai ka sa jiha guda tana yi wa Alƙali. Ɗa ya fi uba, barka.

Bazara ta zo, lokacin shanya ya yi. Abbati ya aiko sau biyu yana tambaya ko a tone. Na ce mai shi bai zo ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Tambari

Abuja, 21 ga Janairu, 2024

Baffa,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hadiza da yara.

Ba ni da kamfani yanzu. Lokacin da masu zuba jari suka ce a koma talla, na yi gardama, aka rinjaye ni, na zauna ina cewa zan gyara daga ciki. Ni na riƙa rubuta kalmomin da tsohon nan mai rawani ke faɗa, don Hausata ta fi tasu. A watan jiya suka kira ni suka ce yanzu na'ura na iya rubuta irin wannan, ba a buƙatar mai falsafa. Abokina da muka kwana a tabarma ɗaya shi ya karanta mini takardar. Na ce to su bar mini sunan kakana. Suka ce sunan na kamfani ne, da hannuna na sa a rajista.

Na nemi komawa jami'a, an cike gurbina tuni. Amma wani tsohon malamina ya ce in na kawo aiki a kan littafin, zai karɓe ni ɗalibi, in faro daga farko. Ba don wannan kaɗai nake rubutowa ba. Kwanakin nan ina ta tuna inda muka tsaya. Alƙali ya yi tambaya a ƙarshen babin da ya gabata: ko hujja tana zama hujja in babu mai saurarenta? Ya ce amsa na gaba. Kai ka rufe littafin ka ce sai hutu mai zuwa.

Ina zuwa tsakiyar watan gobe. Zan durƙusa. Ka faɗa mini duk abin da ka ga dama, zan ji.

Ɗanka,
Nafi'u

Kaura Namoda, 4 ga Fabrairu, 2024

Nafi'u,

Muna lafiya. Na ba Jafaru wannan ya sa a hannunka kafin ka sayi tikitin mota.

Da takardarka ta zo na sa Hadiza ta wanke mini farar riga. Na ce bari in riga ka zuwa, in tone, in shanya, kada ka iso ka tarar da shi yana warin ƙasa. Na sayi sabuwar tabarma a tasha. A bayan babur ina ta shirya abin da zan faɗa maka in ka durƙusa. Na tanadi maganganu masu kyau, da ka ji su da ka raina na baya.

Abbati ne ya yi haƙan, ni gwiwa ba ta bari. Tulun ya fito lafiya, bakinsa a liƙe yadda na bar shi. Na ce masa, "To, ina ƙasar da ba ta da amana?" Ya juya tulun ya nuna mini gindinsa. Tsaga ce siririya, ba ta kai kaurin zare ba, da hanyar jar ƙasa ta bi ta ciki.

Muka fasa bakin. Gafakar tana nan da siffarta, har da igiyarta. Na ɗauka na ji ta yi nauyi fiye da da. Na kwance. Ƙasa ce a ciki, ja, an gina ta ɗaki-ɗaki, gara na ta kai da kawo. Na sa yatsa ina tonawa ko zan samu ganye ɗaya. Abin da ya fito guntaye ne kamar ɓawon gyaɗa, wani da ɗigon tawada, wani babu. Kajin Abbati suka taru a ƙafafunmu suna tsattsagar garar.

Abbati ya ce, "Da bara ka bari an tone..."

Na ce, "Da bara ya zo."

Ya ce, "Ku dai kuka sani, kai da shi." Ya kore kajin, ya shiga gida.

Na san abin da za ka tambaya. Na zauna a kan sabuwar tabarmar na ce bari in karanto babin ƙarshe da ka. Layin farko ya zo. Na biyu ya zo rabi. Na san akwai misali da rijiya da makaho, na san akwai wurin da ya ja layi biyu, amma ban san a kan me ba. Ban taɓa haddace shi ba. Wa ke haddace abin da ke cikin akwatinsa? Amsar da kake nema na karanta ta ina saurayi a gaban ubana, na sake duba ta duk bazara, kuma yau in ka yanka ni ba zan iya kawo maka ita yadda ya faɗa ba. In na ƙago wata, tawa ce, kuma kai ka riga ka faɗi abin da tunanina ya haifa a shekarun nan.

Kada ka zo. Babu abin durƙusawa. Gafakar na bar wa Abbati, ya ce zai yi wa jikansa jakar allo. Sunan yana wurin abokanka, yana sayar da maganin basir.

Littafin Alƙali Jaji babu shi. Kwafi ɗaya ne, kuma ba a ɗauki hotonsa ba.

Tambari